Wane faifan Frank Loesser ya kamata ka fara saya?

Wanda ya yi niyyar sanin aikin Frank Loesser, Ba'amurken marubucin waƙoƙin wasan kwaikwayo, zai tarar da faya-faye da yawa masu suna iri ɗaya, kuma ba ɗaya suke ba. Na ga mutane sun sauke na farkon da ya faɗo musu a waya, suka saurara minti biyar, suka ce ba abin da ke ciki. Abin ya dame ni, domin mutumin nan ya cancanci a shigo masa ta ƙofar da ta dace.

An haife shi a New York a 1910, ya rasu a 1969. Ya fara da rubuta baitoci kawai a New York, sannan a Hollywood, wasu na sa musu kiɗa, kafin daga baya ya haɗa biyun a hannunsa. A dandalin Broadway (cibiyar wasan kwaikwayo ta New York) na wancan zamani yawanci mutum biyu ne ke raba aikin, ɗaya kalmomi ɗaya kiɗa. Shi kuwa duka yake yi, shi ya sa kalma da sauti suke zama daram a waƙoƙinsa. Wannan ne ma'aunin da nake amfani da shi wajen zaɓe: wane faifai ne zai bar ka ka ji kalmomin sosai?

Mu fara da Guys and Dolls, wasan 1950 da aka gina a kan labaran marubuci Damon Runyon, wanda aka nuna sau 1,200 a Broadway. Gara ka san tun yanzu cewa labarin 'yan caca ne na titunan New York, da wata budurwa mai wa'azin Kirista da ke ƙoƙarin shiryar da su. Idan wannan bai kwanta maka ba, wuce zuwa na gaba. Idan ka tsaya, zaɓi uku ne a gabanka.

Na farko shi ne faifan asali da kamfanin Decca ya fitar da 'yan wasan farko: Robert Alda, Vivian Blaine, Sam Levene da Stubby Kaye. Sautinsa tsoho ne, ba sitiriyo ba, kuma an taƙaita shi don ya shiga faifan garmaho ɗaya. Amma akwai abin da ba za ka samu a wani wuri ba. Saurari Blaine a matsayin Adelaide, wadda aka yi wa baiko shekara 14 ba a ɗaura aure ba. Tana karanta littafin likitoci tana gano cewa murar da ta ƙi sakinta daga zaman jiran nan ta samo asali. Muryarta a toshe, tana tuntuɓe a kan manyan kalmomin asibiti, ta yi atishawa a tsakiyar baiti. Za ka yi dariya, sannan tausayinta ya kama ka tun kafin waƙar ta ƙare. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar'uwarsa tana jiran manemin da ke ta ɗaga rana zai gane ta.

Na biyu shi ne fim ɗin 1955, mai Marlon Brando da Frank Sinatra da Jean Simmons. Shi mutane suka fi rugawa saboda sunayen. Yana da kyaun kallo, Blaine da Kaye ma sun dawo a cikinsa, kuma ga wanda Turancinsa bai nuna ba, ganin fuska da motsi yana taimakawa ƙwarai. Sai dai an cire wasu waƙoƙin dandali an sa sababbi, Brando kuma ba mawaƙi ba ne. Ka kalle shi don labarin, kada ka auna Loesser da shi.

Na uku shi ne faifan 1992, lokacin da aka sake ɗora wasan a Broadway da Nathan Lane, Faith Prince da Peter Gallagher. Nan nake cewa ka fara sa kuɗinka. Sautin tas yake ko a ƙaramin abin sauraro na kunne. Akwai waƙar buɗewa inda 'yan caca uku suke yabon dawakan sukuwa uku, kowa na shiga kan muryar ɗan'uwansa kamar masu gardama a bakin kasuwa. A wannan faifan kana iya bin kowannensu daban. Idan ka saba da shi, sai ka koma na 1950 ka ji inda abin ya samo tushe.

Akwai kuma The Most Happy Fella na 1956, wanda ni shi na fi so, amma ba zan ba baƙo shi da farko ba. Labarin wani dattijo ne ɗan asalin Italiya mai gonar inabi a kwarin Napa na Kalifoniya. Yana neman auren wata ma'aikaciyar gidan abinci ta wasiƙa, sai kunyar tsufansa ta sa ya aika mata hoton matashin da ke kula masa da gona a madadin nasa. Kusan duk wasan a waƙe yake, har kamfanin Columbia ya ɗauke shi kusan gaba ɗaya a faya-fayen garmaho uku, abin da ba a saba yi ba a lokacin. Robert Weede ne dattijon, Jo Sullivan ce amaryar, wadda Loesser ya aura daga baya. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba a dakatar da labari a yi waƙa. A nan waƙar ce take ɗauke da labarin, idan ka tsallake ɗaya ka rasa zaren. Yana buƙatar sama da awa biyu na natsuwa. Kuma a kula, akwai taƙaitaccen bugu mai zaɓaɓɓun waƙoƙi kawai. Ka nemi cikakken.

How to Succeed in Business Without Really Trying na 1961 ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabo ta adabi a Amurka, an nuna shi sau 1,417. Habaici ne ga ma'aikatan ofis, yadda mai goge taga ya haye kujerar shugabanci da daɗin baki. Ma'aikacin gwamnati ko na banki zai ji daɗinsa. Faifan Robert Morse na asali ya wadatar.

Wajen saye kuwa, idan ka samu CD mai ɗan littafi a ciki, ya fi sauke waƙoƙi ɗaiɗai, domin taƙaitaccen labarin da ke ciki shi zai nuna maka wa ke magana da wa. Idan ta manhajar waya za ka saurara, kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi, ka bi su a jere. Kafin ka biya, duba shekara da sunayen 'yan wasa a jikin bangon: Guys and Dolls, 1992, Lane da Prince.