Kwana biyar a bakin Harami da makin otal

Hajiya ta sauke farali tun ina firamare, kuma duk lokacin da aka ɗauko hirar Makka, abin da take fara ambata shi ne tafiyar ƙafa. Masaukinsu yana can ƙasan Misfala, suna fitowa tun kafin kiran sallar farko, ba sa komawa sai bayan Isha'i, don wanda ya koma cin abinci da rana ba zai samu jam'in La'asar ba. Wancan lokacin tana da ƙafa. Yanzu ta haura saba'in, gwiwoyinta sun ƙi, daga ɗakinta zuwa zaure ma sai ta dafa bango. Da na yi niyyar kai ta Umra, na san ba jirgi ne matsalar ba, nisan da ke tsakanin gado da sahu ne.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sarin kaya a Istanbul da Guangzhou. Shekara kusan huɗu da suka wuce wani abokin tafiyata ya matsa mini na yi rajista da tsarin maki na wani babban kamfanin otal-otal. Rajistar kyauta ce. Duk daren da ka kwana a otal ɗinsu ana rubuta maka maki gwargwadon abin da ka biya. A Hilton Honors da Marriott Bonvoy, misali, yawancin otal ɗinsu maki 10 suke bayarwa a kan kowace dala. Sharaɗin da mutanenmu suka fi faɗawa ciki shi ne wannan: idan ta hannun ejan ko ta Booking.com ka kama ɗakin, galibi ba ka da maki ko ɗaya. Sai ka kama kai tsaye ta manhajar kamfanin. Na yi asarar tafiya biyu kafin na gane haka. Kuma idan asusunka ya yi wata 24 babu shiga babu fita, makin yana iya ƙonewa gaba ɗaya.

Mutanen Amurka suna tara makinsu ne da katin bashi na banki, su sayi man mota da cefane maki na shiga. Mu ba mu da wannan hanya, namu makin da kwana ake tara shi, dare bayan dare, a ƙananan otal-otal na kusa da kasuwa. Saboda haka ya ɗauke ni lokaci. Na riƙa yin rajistar duk wata garaɓasar ninka maki da suka turo, abokin nan nawa ya tura mini wani kaso daga nasa, ragowar kuma na saya lokacin da suka karya farashi. Da haka ya kai kuɗin dare huɗu a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na Jabal Umar, waɗanda ke yamma da Harami. Dare na biyar kyauta ne, don tsarin kamfanonin nan biyu da na ambata shi ne idan ka kama dare biyar a jere da maki, huɗu za a cire maka, sai dai a Hilton sai wanda ya kai matakin Silver ko sama da shi. Wanda zai kwana huɗu ya ƙara ɗaya, bai ƙara ko sisi ba.

Mun tafi a Nuwamban 2024, cikin Jimada Awwal. Da gangan na zaɓi lokacin. Yanzu yawan makin da ake nema yana hawa yana sauka ne tare da farashin ɗaki, kuma na duba goman ƙarshe na Ramadan na ga ko dai babu ɗakin maki sam, ko kuma abin da ake nema ya ninka abin da nake da shi. Daga Madina muka shigo ta jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, muka sauka a tashar Rusaifa, tasi ta kai mu ƙofar otal.

A nan aka fara gwada haƙurinmu. Mun iso wajen sha ɗaya na safe da harami a jikina, aka ce ɗaki ba zai samu ba sai ƙarfe huɗu. Na nuna musu tsohuwa, na nuna katin zama mamba, ma'aikacin ya ba da haƙuri cikin ladabi amma bai motsa ba. Abin da ya yi mana shi ne ya karɓi jakunkuna, ya sa aka kawo keken tura marasa lafiya, ya ce mu riƙe har ranar tafiyarmu. Wannan keken ya fi mini duk wani abin alatu da ke ginin. Na tura Hajiya muka gangara, muka tsallaka farfajiya, ban duba agogo ba amma ko tasbihin da ta fara ba ta kai ƙarshensa ba muka isa Ƙofar Sarki Fahad. Ta juyo ta ce, "Auta, har mun zo?" Na ce mun zo, Hajiya. Ta yi shiru, sai na ga tana goge ido da bakin hijabi.

Muka yi ɗawafi a bene inda ake barin kekuna, muka yi sa'ayi, wanda zagaye bakwai ɗinsa ya haura kilomita 3. Kafin in yi aski mu dawo, ɗaki ya samu.

Ɗakin da maki yake ba ka shi ne na ƙasa a jerin ɗakunansu, kowa ya san wannan tun kafin ya sa rai. Namu gado biyu ne, fili wadatacce, banɗaki mai faɗi da wurin wanka wanda babu tudun da za a tsallaka, abin da ya yi wa Hajiya daɗi ƙwarai. Tagar kuwa dutse take kallo da wani gini da ba a gama ba. Na tambayi ɗakin da ke kallon Ka'aba, aka faɗa mini ƙarin da zan biya kowane dare, na ga ya kusa kuɗin cikakken ɗaki a Misfala. Na bar shi, kuma ban yi da-na-sani ba. Akwai lasifika a jikin bango da ke kawo kiran salla da karatun liman kai tsaye daga Harami, da maɓallin ƙarawa da ragewa. Daren farko Hajiya ta hana a kashe ta. Da asuba na farka na tarar da ita zaune a bakin gado, ta riga ta yi alwala, tana amsa wa ladan.

Otal ɗin yana da masallaci a ɗaya daga cikin benayensa, da gilashi mai kallon farfajiyar Harami. Malamai sun yi saɓani a kan bin liman daga irin wannan wuri, don haka muka mayar da shi na nafila da karatu, sai Azahar biyu da gwiwa ta kumbura ta yi a can. Sauran sallolin duk a cikin Harami ta yi su. Na ƙirga, cikin kwana biyar ta samu jam'i sama da ashirin, ita da a gida sallar Idi ma ta gagare ta shekara uku.

Babban abin da zan yi ƙorafi a kai shi ne lif. Idan ya rage minti ashirin a tayar da salla, duk wanda ya tsaya a benenmu a cike yake zuwa, kuma mai keke yana buƙatar wurin mutum uku. Ranar farko sai da guda biyar suka wuce mu, muka rasa raka'a biyu na Magariba. Otal mai wannan tsada ya kamata ya ware lif ɗaya ga tsofaffi da masu keke a lokutan salla, ya tsayar da ma'aikaci a kai. Daga ranar muka koma fita minti arba'in kafin lokaci, bayan salla kuma mu zauna sai turmutsutsun ya lafa. Kuɗin wanki ma ya wuce hankali, na kai kayanmu wani ƙaramin shago a titin Ibrahim Khalil.

Karin kumallo ya zo mana kyauta saboda matakin da na kai a tsarin, kuma abinci ne kamar na walima: ful, burodi iri-iri, ƙwai yadda kake so, zaitun, cuku, 'ya'yan itace. Hajiya ta zagaya da ido ta ɗauki shayi da dabino da ayaba ɗaya. A rana ta uku ta ce, "Auta, garin nan fa akwai tuwo." Bayan Isha'i na gangara Misfala wajen matan Hausawa mazauna can, na sayo tuwon shinkafa da miyar kuka a roba, na ratsa da shi ta zauren otal mai shimfiɗe da marmara. Babu wanda ya ce mini uffan. Ta zauna a kan darduma ta cinye tas, ta yi barcin da ba ta yi ba tun da muka baro Kano.

Ranar fita, takardar da aka miƙo mini ba ta ɗauke da kuɗin ɗaki, ba ta kuma ɗauke da harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa a Saudiyya. Ruwa da shayin da muka sa aka kawo ɗaki kawai na biya. Sai dai dole a riƙe katin dala mai aiki, don suna riƙe wani abu a matsayin jingina tun ranar shiga, kuma nawa ya yi kwana goma kafin ya dawo.

Mai niyyar yin haka yanzu ya fara zama da ejan ɗinsa kafin ya taɓa makinsa, domin tun Yunin 2025 Saudiyya ta ɗaure bizar Umra da shaidar masaukin da aka yi wa rajista a Nusuk, dandalin intanet na hukumomin ƙasar na harkar Hajji da Umra, tafiyarmu kuwa ta riga wannan doka. Ni dai na koma tarawa daga sifili. Yayar Hajiya da ke Gwarzo ta ji labarin keken da lasifikar, ta aiko a gaya mini cewa ita ma fasfonta bai mutu ba.