Shagon Baban da ya shirya mu zuwa zaman jin ra'ayi a Gombe: abin da muka biya da abin da muka samu

Tun da muka dawo daga zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki da aka yi a Gombe, mutum uku suka kira ni, biyu daga Malam Sidi ɗaya daga Dukku, duk tambayarsu ɗaya ce: wa ya rubuta muku takarda? Na ga gara in faɗi abin da na sani a wuri ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Ni malamin makaranta ne a Bajoga, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Kukanmu tsoho ne. Ƙananan hukumomi uku, Gombe da Kwami da Funakaye, ɗan Majalisar Wakilai ɗaya muke da shi, alhali Akko ita kaɗai tana da nata, Yamaltu/Deba ma haka. Ba hassada muke yi musu ba, haƙƙinsu ne. Amma duk wanda aka zaɓa a mazaɓarmu, cikin garin Gombe kaɗai ya isa ya cinye masa lokaci, kafin ya waiwayo ƙauyukanmu wa'adi ya ƙare.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mana shagon, a wani lungu cikin Tudun Wada. Daga waje ba ka ganin komai sai allon buga takardu da fotokwafi. Mai shi dattijo ne da ya yi aikin magatakarda a kotu tun zamanin tsohuwar Jihar Bauchi, kowa Baba yake ce masa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon, jikansa ke bugawa, sai benci da wani kundin tsarin mulkin 1999 wanda bangonsa ya yage aka ɗaure da salatif.

Shafi 14 muka kai masa, rubutun hannu. Mun zuba tarihin garinmu, da maganar hanya, da ruwan sha, da samarin da ba su da aikin yi, da cewa simintin Ashaka a ƙasarmu ake yin sa. Ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe bai ce uffan ba. Sai ya ɗago ya ce, "Malam, a cikin shafi goma sha huɗun nan, me kuke so a yi muku?"

Na ce, "Baba, a raba mazaɓarmu biyu."

Ya ce, "Wa zai raba?"

Shugabanmu ya ce ai 'yan majalisar da za su zo. Baba ya girgiza kai, ya jawo kundin. Wannan rabin awar da ta biyo baya ita ce ainihin abin da muka saya, sauran duk gyaran fuska ne.

Ya buɗe sashe na 71 ya sa na karanta da bakina: hukumar zaɓe ta INEC ce ke yanka mazaɓu, ba majalisa ba. Aikin majalisa, bisa sashe na 74, shi ne amincewa da abin da hukumar ta yanka, kuma ko an amince ba ya fara aiki sai majalisar da ke ci ta gama wa'adinta. Ya komo sashe na 49, inda aka rubuta adadin kujerun Majalisar Wakilai ƙarara, 360. Ma'ana, in ana so Gombe ta tashi daga kujera 6 zuwa 7, ko dai a cire daga wani wuri, ko a gyara tsarin mulkin kansa, wanda sai kashi biyu bisa uku na majalisun tarayya biyu sun yarda, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su sa hannu. Ya kuma nuna mana wani ƙulli da ban taɓa lura da shi ba duk da shekarun da na yi ina koyar da darasin gwamnati. Sashe na 91 ya ce kujerun Majalisar Dokokin Jiha ninki uku ne ko huɗu na kujerun jihar a Majalisar Wakilai, kada su gaza 24 kada su wuce 40. Shida sau huɗu 24, kuma 24 ɗin muke da su a Gombe. To ko kujerar jiha ɗaya ba za a iya ƙara mana ba sai ta tarayya ta ƙaru.

"Ku roƙi mutum abin da ke hannunsa," in ji shi. "Waɗannan da za su zo, alƙalamin gyaran doka ne a hannunsu." Sai ya ɗora yatsa kan sashe na 73, wanda ya ce a riƙa duba mazaɓu a tsakanin da bai gaza shekara goma ba. Ya ce mu lura, dokar ta hana a yi da wuri, amma ba ta sa ranar da dole a yi ba. Shi ya sa har yau muke kan yankan 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi a zamanin Janar Sani Abacha. Yaron da aka haifa a shekarar yau yana da iyali.

Daga nan aka shiga lissafi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙasar nan mutum miliyan 140 da 'yan kai. In an raba da 360, kowace mazaɓa za ta tashi da kusan dubu 390. Ƙananan hukumominmu uku a wannan ƙidayar kusan dubu 700 ne. Sashe na 72 kuwa cewa ya yi yawan jama'ar mazaɓu ya zama kusan daidai gwargwadon iko. Baba ya ja layi a ƙarƙashin lambobin biyu ya ce su ne takardarmu. Shugabanmu ya so a rubuta cewa yanzu mun haura miliyan. Baba ya ƙi. Ya ce mai yiwuwa gaskiya ne, amma in wani ɗan kwamiti ya ce daga ina kuka samo, me za ku nuna masa?

Shafi 14 suka koma 2, da buƙata ɗaya a layin farko: a gyara sashe na 73 ya zama wajibi a duba mazaɓu duk bayan shekara goma da bayan kowace ƙidaya, a sa wa'adi. Mazaɓarmu ta zama misali. Maganar rabawa kuma ya yi mata wasiƙa daban zuwa ga hukumar zaɓe. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji zafin yanke tarihin garinmu, don ni na kwana ina rubuta shi.

Kwana biyu kafin zaman muka koma gwajin magana. Ya ajiye agogonsa kan tebur ya ba ni minti uku. Karon farko gaisuwa ta cinye mini minti ɗaya da rabi. Ya ce, "Ɗana, 'ranka ya daɗe shugaban kwamiti da membobi' ta wadatar. Faɗi sunanka, faɗi garinka, faɗi abin da ya kawo ka." Sau biyar na maimaita. Ya hana ni ambaton jam'iyya, ya hana ni kiran sunan ɗan majalisarmu da sharri ko da alheri. Labari ɗaya kawai ya bari, na wata gwaggona da ta yi zirga-zirga sau uku daga ƙauye zuwa Gombe kan takardar tallafin karatun ɗanta, kowane zuwa ta tarar da layin mutanen ƙananan hukumomi uku.

Ranar zaman zauren ya cika maƙil, masu neman sababbin jihohi da ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin mata, 'yan ƙwadago, wakilan masarautu. Na ga dattijo mai mutunci lokacinsa ya ƙare yana tsakiyar tarihin kakanninsa, bai kai ga buƙatarsa ba, abin ya taɓa ni ƙwarai. Da aka kira mu na gama da sauran daƙiƙoƙi. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce in maimaita lambobin nan biyu, na maimaita, ya rubuta.

Sai inda shagon ya gaza. Babu janareta, wuni guda muka yi a bencin nan muna jiran wuta, mu da muka biya kuɗin mota daga Bajoga. Taswirar da aka liƙa mana fotokwafi ce baƙi da fari, iyakar Kwami da Funakaye ta dushe har sai da na bi ta da jan biro a kwafi goma sha biyar. Wanda zai je ya buga taswirarsa mai launi a wani wuri. Abin da ya fi damuna shi ne fassara. Baba da Turanci yake rubutu, Hausar da jikansa ya yi mana don karanta wa jama'a a gida ta fito a sandare, sai da na sake ta. Sannan yana da faɗa. Ma'ajiyarmu, Hajiya, ta yi tambaya sau biyu kan sashe na 91, amsar da ya ba ta ta yi kaushi, kuma tambayarta mai kyau ce. Na gaya masa haka kafin mu tafi, ya ba ta haƙuri.

Naira dubu 25 ya karɓa, rubutu da gwajin magana, kuɗin fotokwafi daban. Kafin mu biya ya faɗa mana cewa takarda ba ta raba mazaɓa, kuma shi ba lauya ba ne, in magana ta kai kotu mu nemi lauya. Har yau mazaɓarmu tana nan yadda take. Kwafin da aka buga wa hatimin karɓa yana cikin fayil ɗin ƙungiya, mutanen Malam Sidi kuma sun ce ranar Asabar za su zo su gani kafin su wuce wurin Baba.