Takawa daga Makka zuwa Madina, ko tattaki a cikin garuruwan biyu: wanne ya fi a bazara?

Alhaji, ka ce kana da hutun mako biyu daga wurin aikinka a Jidda, tsakanin Maris da Afrilu, kuma ranka ya biya ka yi ziyara a ƙasa. Abu biyu ne a gabanka: ko ka taka daga Makka har Madina ta hanyar Hijira, ko ka sauka a garuruwan biyu kana tattakin wuraren ziyara, jirgin ƙasa ya haɗa maka tsakani. Ka nemi a auna maka su ta wajen yanayi, masauki da kuɗi.

Mu fara da nisa, don shi zai yanke rabin maganar. Hanyar da Manzon Allah (SAW) ya bi a shekara ta 622, shi da Sayyidina Abubakar da Amiru ɗan Fuhaira da ɗan jagoransu Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ta kai kimanin kilomita 470: daga kogon Saur, ta gangara wajen gaɓar teku, ta bi ƙasan Usfan, ta ratsa Ƙudaid inda tantin Ummu Ma'abad yake, sannan ta kutsa duwatsu har Ƙuba. Su ma a kan raƙuma suka yi ta. Mai lafiya da ya saba tafiya yana iya cin kilomita 30 a wuni, wato kwana 15 zuwa 16 ke nan ba hutu ko na yini ɗaya. Mako biyunka bai kai ba tun kafin a zo maganar rana. Tattakin cikin gari kuwa kai ke yanka wa kanka: daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba kilomita 3 da 'yan kai, zuwa Uhudu 4 zuwa 5, daga Harami zuwa Tan'im wajen 7. Sa'ayi kaɗai ya kusa kilomita 3.

Kada kalmar rabi'i ta Larabawa ta sa ka zaci sanyin furanni za ka tarar. Bazararmu ce sak, irin ta Kano da Sakkwato kafin ruwa ya sauka. A Makka zafin rana a Maris yana kaiwa wajen digiri 35, a Afrilu ya doshi 39, a Mayu ya haura 40. Madina tana bisa tudu, kimanin mita 600 daga doron teku, don haka ta fi sauƙi da digiri uku zuwa huɗu, kuma asubarta a Maris tana da ɗan sanyin da zai sa ka nemi mayafi. To mai doguwar tafiya duk zai sha su biyun, har da na ukun da ba a cika faɗa ba: gumin gaɓar teku ta wajen Rabig, inda iska ke da laima, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. In ka matso Madina kuma sai baƙin dutsen harra, wanda ke shan rana wuni guda ya riƙa mayar maka da ita har bayan magariba, ga shi yana cin tafin takalmi kamar zarto.

Saboda haka tafiyar ba ta wuni ba ce, ta gefe biyun dare ce. A tashi ƙarfe uku da rabi, a yi asuba a hanya, a tsaya ƙarfe tara da rabi da kimanin kilomita 20 a ƙafa. A kwanta a inuwa har bayan la'asar, a ƙara goma zuwa isha'i. Wanda ya ce bari ya ƙarasa zango da hantsi ya ɗaga, shi ake kwasa a mota. Alamar da ba a jayayya da ita: mutum ya fara magana ba kan gado, ko ya rikice, ko zufa ta ɗauke alhali jikinsa ya yi zafi rau. Nan take a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu marasa tasrihi, wato izinin hukuma, da suka yi doguwar tafiya cikin rana ba wurin fakewa.

Ruwan sama ma yana cikin lissafi, ko da mutum zai yi dariya. Maris da Afrilu suna cikin watannin da hadari ke haɗuwa a duwatsun Hijaz. Ruwan na iya zuba a inda ba ka gani, ambaliyarsa ta gangaro kwarin da ka kafa tanti don ka ga yashi mai laushi. Ba a kwana a cikin kwari, a hau gefe.

Mai tattakin gari duk wannan bai dame shi ba. Ya fita bayan asuba, ƙarfe takwas ya dawo ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Titin Ƙuba an ware shi don masu tafiya a ƙasa, da fitilu da kujeru da shaguna, har tsoho da yara suna bi. Abin da zai kiyaye kawai shi ne duwatsun Makka: hawan Jabalun Nur kan ci awa ɗaya zuwa biyu, Saur ya fi shi tsawo da wuya, kuma babu wanda ake hawa bayan rana ta fito sosai.

Ta wajen masauki ne tazarar ta fi fitowa. A hanyar Hijira akwai garuruwa irin su Usfan da Khulais inda za a iya samun shagga mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki, ko istiraha, wato gidan hutu na haya, amma tsakaninsu da bayansu akwai dogayen wurare da ba gida ba shago, wani wurin ko layin waya babu. Kwanan daji ne: tanti, tabarma mai kauri, tocila, da rumfar yadi da za a ɗaura a jikin mota don zaman rana, wadda ta fi tantin kansa amfani. Da safe a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Wasu kan ce to a bi gefen babban titin mota mana, tunda akwai gidan mai da masallaci jifa-jifa. Titin manyan motoci ne masu gudu dare da rana, ba a yi shi don mai ƙafa ba, kuma lokacin da kake son tafiya, wato cikin duhu, shi ne lokacin da direba ba ya ganinka. A 2025 hukumomi sun sanar da shirin Ala Khuɗahu na gyara hanyar Hijira da tashoshin hutawa. In ta hannunsu za ka bi, ka fara duba ko kwanakin hutunka sun faɗa cikin lokacin da suke buɗewa.

A cikin gari kuwa ɗaki ba ya wuya, farashinsa ne ke bin wata. Goman ƙarshe na azumi shi ne ƙololuwa, da an yi Sallah sai ya faɗo. In hutunka ya faɗo a Shawwal, shi ne damarka, amma ba dukansa ba: a 2025 tun 25 ga Shawwal, wato 23 ga Afrilu, aka hana mai igama, wato baƙo mai takardar zama a ƙasar, shiga Makka sai da tasrihi, kuma kowace shekara kwanakin suna matsowa da kusan kwana 11. Ka fara da Makka ke nan, ka ƙare da Madina. A Makka unguwannin Aziziyya da Misfala sun fi gindin Harami sauƙi nesa ba kusa ba, kuma tunda tafiya ka fito yi, nisan ba asara ba ne. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, ka nema tun kafin ka bar Jidda.

Kuɗi. Mutane suna ɗauka tafiyar ƙasa ita ce ta talaka, alhali a nan ita ta fi tsada, don ba ta yiwuwa sai da motar rakiya. Ga dalili: kowane mutum yana buƙatar lita 6 zuwa 8 na sha a wuni. Ku huɗu, kwana 15, lita bakwai-bakwai, lita 420 ke nan, ban da na direba da girki da alwala. Ba mai ɗaukar wannan a baya. Motar kuma sai mai shiga yashi, da direban da zai bar aikinsa mako biyu. Ba kilomita 470 za ta yi ba, don kullum tana gaba tana baya, tana shiga gari ɗebo ruwa da ƙanƙara. Ka ƙiyasta 1,300. In tana shan lita 12 a kilomita ɗari, lita 156 ke nan, a kan riyal 2.18 na fetur 91 kimanin riyal 340 ne. Man ba shi ne nauyin ba, hayar motar ce da hakkin direba, sai tanti da kular ƙanƙara da takalma. A ɗaya ɓangaren abu uku ne kacal: ɗaki, abinci, da tikitin jirgin Haramain da ke haɗa garuruwan cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka. Ful da tamis da safe, shinkafa bukhari da rana, zamzam kyauta.

Ƙafa dai kowanne ka zaɓa sai ka tanade ta. Takalmi ya fi naka girma da lamba ɗaya, don ƙafa tana kumbura, kuma ka yi mako uku kana taka shi kafin tafiya. Safa biyu a wuni, a canza in ta jiƙe, domin danshi ke kawo bororo. Basilin a tsakanin cinyoyi. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da zufa ta kwashe: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In doguwar ce dai ta zauna maka a rai, ka kula da inda ka sa gaba. Daga Makka zuwa Madina ba harami a kanka. In ka juya ta, ka taso daga Madina da niyyar Umra, tun daga Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, za ka ɗaura harami, ka yi sama da kilomita 400 kai a buɗe, ba safa, ba rufaffen takalmi. Kakanninmu da suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin sun taka fiye da haka, gaskiya ne, amma shekaru suka yi suna yada zango suna noma, ba hutun kwana 14 aka ba su ba.

Ni a ganina, a wannan hutun ka ɗauki na biyu, wato tattaki a cikin garuruwan. Ya tabbata Annabi (SAW) yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa, kuma wanda ya yi alwala a gidansa ya je ya yi salla a can yana da lada kamar na Umra. Doguwar kuwa ka ajiye ta zuwa Disamba ko Janairu, ka nemi hutun mako uku, da abokan tafiya uku da mota. In kana son ɗanɗana ta tun yanzu, ka ware kwana biyu a farkon hutun, mota na biye da ku, ku taka tsakanin Usfan da Khulais ka ga yadda ƙafarka za ta wayi gari a rana ta biyu.