Tiyon ɗigo da na kai wa Kawu goron Sallah, bayan wata takwas

Shekara da shekaru shadda nake kai wa Kawu goron Sallah. Yakan karɓa ya sa albarka, sai daga baya Inna ta tsegunta mini cewa yadi biyar-biyar ɗin nan suna jibge a akwati, ko tela bai gan su ba. Mutumin da tun da ya yi ritaya daga koyarwa ba ya rabuwa da kalme da tsohuwar taguwa a lambun bayan gidansa na Mabera, ina zai kai babbar riga?

Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo ranar 30 ga Maris, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. A azumin nan na je na tarar da shi bayan la'asar yana jigilar bokiti daga tanki zuwa fangali, baki a bushe, gwiwa na ƙara. Nan na yanke shawara. Na sayi kayan ban ruwa na ɗigo a wani shagon kayan noma, kuɗinsu bai wuce na shadda mai matsakaicin kyau ba, na haɗa da fakiti uku na irin furannin Turai saboda hoton jikinsu ya burge ni.

Kayan ba su da wuyar sha'ani. Babban tiyo ne guda, da ƙananan tiyo baƙaƙe masu huji duk bayan santimita 30, da matata, da makunni. Durom mai cin lita 200 kai za ka nemo, ka ɗora shi a kan bulo ya yi kamar mita ɗaya daga ƙasa, nauyin ruwan da kansa zai tura shi. Ba ruwanka da wutar lantarki, kuma ai mun san halinta. Ni da ɗan autansa muka haɗa tsakanin hantsi da azahar, duk da takardar bayanin ba ta da amfani, hotuna ne ƙanana kamar ƙudaje.

Kawu ya zagaya ya duba, ya ce, "Wanga ɗigo kamar hawayen jariri, shi za ya ƙosar da kuɓewa? Kai dai yaro, Allah shi yi ma albarka." Na san albarkar kunya ce.

Bayan mako biyu shi ya kira ni da kansa. Ya tona gindin kuɓewa da yatsa da rana tsaka, sama a bushe, ƙasa da danshi har tsawon ɗan ali. Da bokiti, rabin ruwan kan bi gefe ne ko rana ta shanye shi kafin ya kai saiwa. A nan kuwa gindin shuka kawai yake sauka, shi ya sa ciyawa ma ta ragu a tsakanin layuka. Kurar 'yan ga-ruwa da yake saya kusan kullum idan famfo ya ɗauke ta koma kwana bibbiyu. Alayyahu da rama da zogale duk sun ratsa watan Afrilu da Mayu lafiya. Tumatir ne dai ya zubar da fure, amma wannan ba laifin tiyo ba ne, tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya a irin wannan zafi, sai hunturu.

To amma akwai ciwon kai. Matatar da ta zo da kayan ƙarama ce ƙwarai, ruwan burtsatse kuma da yashi. Kwana huɗu ba ka wanke ta ba, layin ƙarshe ya daina ɗiga, ba za ka sani ba sai ganye ya yi yaushi. Yanzu Kawu kan ɗaura tsumma mai tsabta a bakin durom kafin a zuba ruwa, ya kuma rufe shi don kada gansakuka ta kama. Mahaɗan robar ma na banza ne, rana ta gasa biyu sun tsage tun kafin Babbar Sallah, da na koma shagon aka ce ba a sayar da su daban. Da robar tayar keke muka ɗaure. Sai ɓeraye: ƙishirwa ta sa suka ɓula tiyo wuri uku a dare ɗaya. Rufe layukan da buntun shinkafa ya rage ɓarnar rana, ɓera kuwa sai da aka aro kyanwar maƙwabta.

Irin furannin Turai kam asara ce. An yi su ne don ƙasar sanyi, sun tsiro kamar zare suka ƙone cikin mako guda. Da na sani da dashen gwaiba ko lemun tsami na saya masa, shi ma in jira saukar damina a watan Yuni.

Duk da haka zan sake saye, sai dai in nemi babbar matata da mahaɗai na ajiya tun farko. Wanda lambunsa bai wuce tukwane biyar ba, butar ban ruwa ta ishe shi. Da damina Kawu ya naɗe tiyon ya rataye a zaure, da hunturu ya kama ya sake shimfiɗa shi, yanzu latas da albasa ne a layukan. Jiya ya aiko ɗan autan da kwandon latas, da saƙo cewa almakashin askin bishiyarsa ya dakushe, kuma azumi ya kusa.