Rumfar mai gyaran salula da ta warkar da na'urar sigarina ta lantarki

Tun tsakiyar hunturun da ya wuce na'urar sigarin lantarki da nake amfani da ita ta shiga wani hali wanda ya fi mutuwa gaba ɗaya cin rai. Wani lokaci ina danna maɓalli take kamawa, wani lokaci kuma allonta ya fito da rubutun Turanci "No Atomizer", wato ba ta ga tankin ruwan da ke kanta ba, alhali yana nan ɗaure daram. In na kwance shi na sake ɗaurewa da ƙarfi sai ta yi yini guda lafiya, washegari ta koma gidan jiya. Mai shagon da ya sayar mini da ita bai ko karɓa ya duba ba, ya yanke hukunci cewa batir ne ya gaji, na biya jika biyar na sayi sabo, matsalar kuwa ko gezau ba ta yi ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini wata rumfa a jerin masu gyaran salula da ke kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram, kuma a kanta nake wannan sharhi. Babu wani abin burgewa a wurin: tebur ne guda, da akwatin gilashi cike da matattun wayoyi, da ƙarfen dalma, da mitar awon wuta wadda aka ɗaure murfinta da roba. Maigidan ya gaya mini tun farko cewa irin wannan na'ura ba ta cika zuwa hannunsa ba, amma ya ƙara da cewa, "Malam, wuta dai wuta ce, inda ta yanke a nan za mu neme ta."

Abin da ya fara jan hankalina shi ne bai ɗauki sukuddireba ba sai da ya gama tambaya. Ya so ya san ko allon yana mutuwa ne ɗungurungum, ko yana nan da ransa yana ƙorafi, ko kuwa wajen caji kaɗai take gardama, domin a cewarsa kowace alama da ɓangaren da take nunawa: mutuwar allo tana nuna wajen batir, ƙorafin allo yana nuna mahaɗar tanki, gardamar caji kuma yawanci ƙura ce ta cushe ramin USB-C. Daga nan ya sa ido a kan adadin da na'urar ke nunawa na juriyar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin tanki mai zafafa ruwan, juriyar da ake aunawa da ma'aunin om. A jikin koyil ɗin an rubuta om 0.4, allon ya nuna 0.41, amma da ya ɗan karkata tankin da yatsa sai adadin ya haura 0.9, ya tsallaka 1.3, sannan ya ɓace. Koyil mai lafiya ba ya sauya juriya haka don an taɓa tanki, saboda haka ya tabbata cewa ciwon yana wurin da ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Lissafin ma a fili yake ga wanda ya san dokar Ohm: wat 40 a kan om 0.4 yana nufin kusan amfiya 10 ce ke ratsa wani ɗan wuri da bai fi ƙwayar dawa faɗi ba, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya hana wuta wucewa.

Duk da haka bai ƙyale batir ba, ya auna tsohon da sabon. Irin batir ɗin nan ne da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, wanda yake kaiwa bolt 4.2 in ya cika, kuma shi ne ake samu a cikin fitilun caji da batiran tsofaffin kwamfutocin hannu, shi ya sa maigidan ya san shi ciki da bai. Duka biyun lafiyarsu ƙalau. Sai dai ya nuna mini wata 'yar yagewa a ledar da ta lulluɓe tsohon, kusa da kai, ya bayyana mini cewa gaba ɗayan gwangwanin ƙarfen ɓangare ɗaya ne na wutar, kan kuma ɗaya ɓangaren, don haka in ledar ta yage a wannan wurin, makulli ko kuɗin ƙarfe a aljihu na iya haɗa su batir ɗin ya yi zafi har ya kama da wuta. Ya sake masa riga ya gasa ta da iska mai zafi har ta lafe.

Ainihin aikin ya kasance a mahaɗar da ake kira 510, wato ramin da ake murɗa tanki a ciki. Zaren ramin yana ɗaukar ɓangare ɗaya na wutar, ɗan fil ɗin da ke tsakiya yana ɗaukar ɗayan, akwai zoben da ya raba su, ƙarƙashin fil ɗin kuma akwai sifirin da ke tura shi sama ya manne da gindin tanki. Bayan ya cire batir, ya haska ramin da fitila ya ba ni gilashin ƙara girma in gani da idona. Wani baƙin danƙo ne ya kewaye fil ɗin, kamar ƙanzon tukunyar miya, fil ɗin kuma ya nutse ya ƙi tasowa. Ruwan da ake zubawa a tanki, wanda akasarinsa gilisarin ne da furofilin gilikol, yana tsinkewa in ya ji zafi, ya tsiyayo ta ramukan iska ya taru a nan, ƙurar hunturun Damagaram kuma ta same shi ta kwaɓe. Ya naɗa auduga a tsinken sakace, ya jiƙa da alkol na farmasi, ya yi ta gogewa yana sauya audugar har sau shida kafin ta fito fara, sannan ya riƙa danna fil ɗin a hankali har sifirin ya dawo da ƙarfinsa. A nan ya faɗa mini abin da ban so ji ba, cewa ɗaurewar da nake yi da ƙarfi ita ce ta ƙara danne fil ɗin, kuma da na ci gaba da na murƙushe zoben da ke raba ɓangarorin biyu. Tanki ana murɗa shi ne har ya zauna, a tsaya. Na biya sefa 1,500.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Bayan kwana biyar, ina kan kabu-kabu daga Birni zuwa Sabon Gari, na duba na tarar allon ya mutu gaba ɗaya, ya kuma farfaɗo da na bubbuga na'urar a tafin hannu. Da na koma, bai ɗauki minti goma ba ya gano cewa ɗan farantin da ke cikin murfin batir ya kwanta, girgizar hanya tana raba shi da batir. Ya goge shi, ya ɗan ɗago shi, bai karɓi ko dala ba. Na yaba da hakan, amma a ganina wanda ya riƙe murfin nan a hannunsa ranar farko ya kamata ya duba shi tun a lokacin. Haka kuma ba ya ajiye kayan canji na irin wannan na'ura, ko koyil ko zoben roba, sai mutum ya sa a kawo masa daga Kano ko Yamai. Masu wayoyi ne abokan cinikinsa na kullum, su yake fara sallama, na yi sama da sa'a guda a tsaye kafin ya waiwaye ni, kuma in an ɗauke wuta duk aikin da ke buƙatar dalma sai ya jira.

Ya kuma san iyakarsa, abin da ba kowane mai gyara ke yarda da shi ba. Ya ce in waya ce ta tsinke a ƙarƙashin mahaɗar zai iya liƙa ta da dalma, amma in faifan lantarkin da ke ciki ya ƙone, kuɗin gyara sun fi na sabuwa. Ƙananan da ake jefarwa in sun ƙare kuwa ba ya buɗe su ko kaɗan, saboda batirinsu mai laushin jiki ne, tsini kaɗan yana huda shi. Ni kaina na koma ga wannan na'ura ce don in rabu da taba, kuma na san gyaran mahaɗa bai rage komai daga nikotin da ke kama mutum ba, don haka sharhin nan na aikin hannun maigidan ne kawai.

Yanzu muna tsakiyar bazara, zafin rana yana wuce digiri 40, lokacin da ruwan tanki ya fi tsiyaya. Bisa shawararsa ina ajiye na'urar a tsaye cikin 'yar jakar ƙyalle, ba na barin ta a rana, kuma kowace Juma'a ina kwance tankin in goge mahaɗar da busasshiyar auduga. Wata biyu ke nan adadin juriyar koyil yana tsakanin 0.41 da 0.42, sabon batirin da na saya jika biyar kuma yana cikin fitilar tsakar gida.