Shekara bakwai da katin inshorar lafiya a aljihuna

Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Sakkwato, kuma tun daga 2018 nake riƙe da katin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka rubuta sunana da na maiɗakina da na 'ya'yanmu huɗu a kansa. Na daɗe ina jin abokan aiki suna yi wa tsarin hukunci iri biyu, wasu su ce takardar banza ce, wasu kuma su ce rahama ce, alhali abin da na gani da idona bai zauna daidai a kan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Katin nan yana tsayawa mutum ranar da babbar lalura ta faɗo masa, amma a ƙananan ciwuka na yau da kullum, waɗanda su ne suka fi cin albashi a hankali, sau da yawa sai ya bar shi da aljihunsa.

Tsarin ya fara aiki a 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayu na 2022, wadda ta mayar da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Najeriya. Yadda yake tafiya bai yi nisa da adashi ba, sai dai a nan ba a kwasa bi da bi, wanda ciwo ya kama shi ne yake ɗauka. Mutum yana zaɓar asibiti ɗaya da zai zama nasa, kuɗin kuma suna bi ta hannun kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda suke tsakanin hukuma da asibitoci kamar dillalai. Idan an rubuta magani, kashi 10 cikin 100 kawai majiyyaci zai biya, wato maganin naira 8,000 ya tashi a naira 800.

Ranar da na san darajar katin ita ce ranar haihuwar autarmu. Naƙuda ta tsananta wa maiɗakina tun bayan sallar Isha'i, muka tafi asibitin da muka yi rajista, likita ya duba ta ya ce kwanciyar jaririyar ba daidai take ba, dole a yi aiki, kuma sai an tura mu babban asibiti. Na tuna yadda na tsaya a bakin ɗakin tiyata, kusa da wani dattijo da ya kawo surukarsa daga wani ƙauye ta wajen Gwadabawa da irin wannan lalura. An miƙa masa takardar abin da zai saya da abin da zai ajiye, ya juya ta gaba da baya duk da cewa bai iya karatun boko ba, sannan ya fita da waya a kunne yana cewa a kai raguna biyu kasuwa da safe, ko nawa aka taya a sallama. Ni kuwa an yi aikin, an kwantar da ita kwana biyar, an sallame mu, abin da ya fita daga hannuna bai wuce kuɗin abinci da ɗan kason magani ba. Da babu katin, da babur ɗina ne ya tafi a wannan daren, domin ba ni da raguna.

Ko a wannan karon ma an sha fama kafin a kai ga haka. Duk aikin da ya wuce na matakin farko sai kamfanin da ke tsakani ya bayar da lambar izini, kuma lambar tamu ba ta fito ba har gari ya waye. Akawun da ke teburin inshora ya kira layinsu ya fi sau goma a gabana, ba a ɗauka. "Malam, ka yi haƙuri, mu ma haka muke fama da su kullum," in ji shi. Allah ya sa likitan da ke aiki a daren ya ce rai ya fi takarda, ya shiga tiyata ba tare da jira ba. A 2025 hukumar ta ba da umarni cewa kada kamfanoni su wuce awa ɗaya kafin su fitar da lambar, kuma sau biyun da na buƙace ta bayan nan ta zo da wuri fiye da da, ko da yake sau ɗaya ta haura awar.

Inda tsarin yake ba ni haushi shi ne ɗakin magani. Lokacin damina, daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro ba ya barin gidana, yau wannan ya kwanta, jibi wancan. Za ka kai yaro, a fito da fayil, ka bi layi na awa biyu ko uku, likita ya gan shi, a yi gwajin jini kyauta, har nan babu abin zargi. Sai ka isa tagar magani da takardarka mai ɗauke da abu huɗu, a ba ka farasitamol da maganin ƙarin jini, sauran biyun kuma, waɗanda su ne masu tsada kuma su ne ainihin maganin ciwon, a ja musu layi a ce babu, ka saya a waje. Kemis ɗin da ke daura da ƙofar asibitin kuwa bai taɓa cewa babu ba. Wani abin da ya fi ciwo shi ne ranar da na ga an ba wanda ke bayana a layi, wanda ya zo da kuɗi hannu, irin maganin da aka ce mini ya ƙare.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin rashin tsoron Allah kawai, har sai da wani likita abokina ya zauna ya yi mini lissafin. A matakin farko ba a biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi, ana ba shi ƙayyadadden kuɗi ne a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Wannan kuɗin ya yi shekaru sama da goma yana naira 750. A cikin waɗannan shekarun aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, farashin magunguna ya ninka, wasu ma ya ninka sau da yawa, domin mafi yawansu ko sinadaransu daga Indiya da Sin ake shigo da su da dala. Asibitin da yake karɓar naira 750 a kan yarona, idan ya ba shi cikakken maganin zazzaɓi sau biyu a damina ɗaya, ya cinye kuɗin watanni da dama. Saboda haka duk mai kati da ya shigo, asara yake gani ta shigo. Wannan bai wanke wanda ya ɓoye magani ba, tunda shi ya sa hannu a yarjejeniyar da kansa, amma ya nuna mini cewa matsalar tana cikin farashin da aka yanka, kuma faɗa da ma'aikaciyar taga ba zai gyara ta ba. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025 har ya kusan ninka na da, kuma gaskiya a watannin baya-bayan nan kalmar "babu" ta ragu a asibitinmu, ba ta dai ɓace ba.

Akwai kuma batun wanda katin ya ɗauka. Miji, mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18, shi ke nan, duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Wanda ya tsara wannan bai leƙa gidajenmu na Mabera ko Gidan Igwai ba, inda magidanci ɗaya yake ɗauke da mata biyu, 'ya'ya tara, marayun ɗan'uwansa, da tsohuwa a ɗakin tsakar gida. Inna, mahaifiyata, ita ce ta fi kowa buƙatar likita a gidanmu, tana fama da hawan jini da ciwon suga, magani kullum safe da dare, kuma ita ce ba ta cikin katin. Babban ɗana ma ya cika 18 bana, sunansa ya fita, daidai lokacin da bai da aiki bai da sana'a.

Mutane irin Inna da dattijon nan na Gwadabawa su ne ya kamata Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko ya kama, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma a jiharmu hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ce take yi wa masu rauni rajista a ƙananan hukumomi 23. Ra'ayina shi ne kashi 1 ya yi kaɗan ƙwarai a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya yake fitowa kai tsaye daga aljihun mutane, kuma a ƙasar da aka taru a babban birninta a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi.

Ga wanda zai shiga, kada ya zaɓi asibiti don kusa da gida kawai, ya fara tambayar masu kati da suke zuwa can ko ana samun magani, kuma ya ajiye lambar wayar kamfaninsa da ta ofishin hukumar a wayarsa tun kafin ranar buƙata. Ka'ida ta ba mutum damar sauya asibiti bayan wata shida idan bai gamsu ba, abin da ban sani ba sai a shekarata ta biyar. Na cike takardar sauyin a watan jiya, na zaɓi wani asibiti da ya fi nisa da gidanmu, inda wani abokin aikina ya ce sau ɗaya kawai aka taɓa tura shi kemis.