Sarƙar DID 428VX a kan babur ɗin Honda XR150L

Ga mai bin hanyar burji da rairayi, wannan sarƙa ta cancanci kuɗinta. Kowace gaɓa tana da zoben roba da ke riƙe giris a ciki, shi ya sa ƙura ba ta cinye ta da wuri kamar sarƙa mara zobe. Amma kada a ɗora ta kan tsofaffin fayafai masu haƙora. In haƙoran sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a canza na gaba da na baya tare. A bar mata sassauci milimita 20 zuwa 30, domin in ta yi tsauri tana lalata boris ɗin giya. Wanki da kananzir kawai, fetur na busar da robar. Aibinta tsada, ga jabu a kasuwa.